Zuwa Alƙahira neman lafiya: Yadda marar shan taba zai kauce wa hayaƙin wasu

Kowane mako jirage na tashi daga Kano da Abuja da Legas zuwa Alƙahira, babban birnin Masar, ɗauke da marasa lafiya da masu jinyarsu, da ɗalibai, da 'yan kasuwa.

Yawancinsu sukan tafi da shirin tsadar masauki, da canjin kuɗi, da Larabcin Misrawa wanda ya sha bamban da na makaranta. Abin da ba kasafai ake faɗa musu ba shi ne za su shaƙi hayaƙin taba fiye da yadda suka saba a gida, ko da kuwa ba su taɓa kai kara ɗaya baki ba.

Ga mai ƙoshin lafiya, abin bai wuce takura ba: ido ya yi ja, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, tufafi su ɗauki wari. Amma ga wanda aka kai saboda ciwon zuciya, ko mai asma, ko mai juna biyu, ko jariri, magana ce babba. Iyali su sayar da fili ko gona su kai mutum ganin likita, sannan ya riƙa kwana yana tashi cikin abin da likitan ya hana shi.

Bambancin ƙasashen biyu a fili yake. Wani binciken shan taba tsakanin manya da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna kimanin kashi 7 cikin 100 na maza ne ke sha. Irin wannan binciken a Masar a 2009 ya gano kusan kashi 38 cikin 100.

Sai kuma al'ada. A Kano ko Zariya ko Sakkwato, mai shan sigari yakan raɓe, ba ya kunnawa a gaban manya. A Alƙahira direba na sha, mai shago na sha, mai gadin gida na sha, kuma idan hira ta yi daɗi sai a miƙo wa baƙo kwalin a ce masa "itfaddal", wato bismillah. A wurinsu karramawa ce.

Abin mamaki, ba a noma taba a Masar. Tun 1890 aka hana nomanta, ganyen daga waje ake shigo da shi, kamfanin Eastern Company ya sarrafa shi ya fitar da sigarin Cleopatra da ake gani a kusan kowane kiyos na bakin titi.

Doka na nan, sai dai…

Ba rashin doka ke damun Masar ba. Tun 1981 take da dokar kariya daga illar shan taba. Dokar muhalli ta 1994 ta hana sha a motocin haya. Ƙasar ta shiga yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, sannan a 2007 aka yi gyaran da ya haramta sha a asibitoci da makarantu da ofisoshin gwamnati da kulob-kulob da cibiyoyin matasa.

Gyaran ya tanadi tarar fam 50 zuwa 100 ga wanda ya sha, da fam 1,000 zuwa 20,000 ga shugaban wurin da ya ƙyale. Faɗuwar darajar kuɗin ƙasar ta cinye wannan tara. A yau fam 50 ba ta kai kuɗin kwali ɗaya na wasu sigarin ƙasashen waje ba.

Malamai ma sun yi magana. A shekarar 2000 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Nasr Farid Wasil, ya ba da fatawar cewa shan taba haramun ne. Tun 2008 kuma kwalayen sigari ke ɗauke da hotunan gargaɗi masu tayar da hankali.

Duk da haka akwai giɓi babba: gidajen abinci da gidajen shan gahawa ba sa cikin wuraren da aka hana shan kwata-kwata. A wuraren da aka hana ɗin ma, allon da ke ɗauke da "mamnu'ut tadkhin" ba ya hana wani ya tsaya a ƙarƙashinsa ya kunna.

Saboda haka baƙon da ya dogara da doka ta kare shi zai sha wuya. Abin da ya rage masa shi ne ya iya zaɓar wurin zama, ya san lokacin fita, ya kuma san yadda ake roƙo.

Abin da hayaƙin ke yi wa jiki

Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya da ba sa shan taba ne ke mutuwa duk shekara saboda shaƙar hayaƙin wasu.

Mutane sun fi danganta abin da huhu, amma zuciya ce ke saurin jin jiki. Rahoton Babban Likitan Gwamnatin Amurka na 2006 ya ce marar shan taba da ke zaune cikin hayaƙi a gida ko wurin aiki, haɗarin kamuwarsa da ciwon zuciya na ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Hayaƙin yana sa jini saurin daskarewa, yana kuma taɓa bangon jijiyoyin jini.

Ba sai an shekara ba. Wani bincike da aka yi a Japan aka wallafa a 2001 ya nuna zaman minti 30 kacal a ɗakin da ake shan taba ya isa ya rage yadda jijiyoyin zuciyar matasa masu lafiya ke buɗewa. Da yankin Sikotilan ya hana sha a rufaffun wuraren jama'a a 2006, yawan waɗanda ake kwantarwa saboda bugun zuciya ya ragu da kashi 17 cikin 100 a shekarar da ta biyo baya, kuma akasarin raguwar a cikin marasa sha aka same ta.

Ga mai asma, shaƙa kaɗan na iya tayar da ciwon. Ga mai ciki, yana da alaƙa da haihuwar jariri marar nauyi. Yaran da ke zaune cikin hayaƙi kuma sun fi fuskantar matsalar numfashi idan an yi musu allurar barci domin tiyata, abin da ya kamata duk iyayen da suka kai yaro aiki su sani.

Masauki: nan ne aka fi yin asara

Baƙo yakan damu da hayaƙin titi, alhali wanda zai fi cutar da shi yana ɗakin da zai kwana. Awa takwas zuwa goma a rana, tsawon makonni, ba wasa ba ne.

Masu zuwa jinya da yawa ba otal suke sauka ba. Gida mai kayan ɗaki suke kamawa ta hannun dillali a unguwanni irin su Dokki da Muhandisin da Madinat Nasr, domin ya fi sauƙi kuma za a iya girki. Irin waɗannan gidaje masu haya ne ke shiga suna fita, ba wanda ya san wa ya zauna a watan jiya.

Hayaƙin taba ba ya tafiya idan an kashe sigari. Yana laƙewa a labule da katifa da kafet da kujerun soso, ya yi watanni yana fitowa a hankali. Yaro mai rarrafe shi ya fi kwasa, domin yana taɓa ƙasa ya kai hannu baki.

Don haka kada a biya kuɗi sai an shiga an gani. A kashe na'urar sanyaya ɗaki, a rufe tagogi na ɗan lokaci, sannan a sunsuna labule da matashin kai. A duba ko akwai farantin tokar sigari, ko tabon ƙuna a gefen tebur. Idan ɗakin na tashin ƙamshin turaren fesawa mai ƙarfi, wannan ma abin lura ne, sau da yawa wani abu ake rufewa.

Na'urar sanyaya ɗaki ta bango ba ta kawo sabuwar iska daga waje. Iskar ɗakin take juyawa. Idan ragar tace ƙurarta ta sha hayaƙin masu hayar baya, ita za ta riƙa busowa, shi ya sa yake da kyau a nemi a cire ragar a wanke kafin a tare.

Akwai kuma wani abu da baƙo ba ya sani sai ya zauna. Benayen Alƙahira da yawa suna da wani rami a tsakiyarsu daga ƙasa har sama, wanda ake kira "manwar", inda tagogin kicin da banɗaki ke buɗewa. An yi shi ne domin haske da iska, amma yana aiki kamar bututun hayaƙi: wanda ke hawa na biyu ya kunna a taga, na hawa na shida ya shaƙa. Maganinsa a bar waɗannan tagogi a rufe da dare, a sa tawul mai laima a ƙasan ƙofar da ke fuskantar matattakala.

Kafin a kama gida, a leƙa ƙasan benen da daddare, ba da rana kaɗai ba. Shagon da yake shiru da hantsi yana iya zama gidan shisha da ke baza kujeru har gefen titi bayan isha'i, hayaƙin ya hau baranda har ƙarfe biyun dare. Hawa na sama ya fi, muddin akwai lifta mai aiki, domin mai ciwon zuciya bai kamata ya riƙa hawa bene shida da ƙafa ba.

Misrawa suna da kalmar da za ta taimaka wajen ciniki: "bahari". Ita ce gidan da ke fuskantar arewa, inda iskar teku ke fitowa a yawancin shekara. Gida bahari yana samun iska mai wucewa, kuma dillalai sun san darajarsa.

A otal kuwa, tambayar da ta dace ba "kuna da ɗakin marasa shan taba?" ba ce, domin amsar kusan kullum e ce. A tambaya ko hawan gaba ɗaya na marasa sha ne. Masana a Jami'ar Jihar San Diego ta Amurka sun auna ɗakunan otal-otal, suka tarar cewa inda aka yarda a sha a wasu ɗakuna, ɗakunan marasa sha ma na ɗauke da burbushin nikotin fiye da na otal ɗin da ya hana baki ɗaya. A rubuta buƙatar tun lokacin kama ɗaki, kuma idan an shiga an ji wari a koma a nemi canji nan take, kafin a buɗe akwati.

A kan hanya

Wuri mafi aminci a zirga-zirgar Alƙahira shi ne jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, wanda ake kira metro. An buɗe shi a 1987, yana da layi uku, kuma yana cikin wuraren da ake mutunta dokar hana shan taba da gaske, a tasha da cikin tarago.

Layi na biyu yana da tasha a Dokki, na uku yana bi ta Abbasiyya kusa da masaukin ɗaliban Azhar na ƙasashen waje, akwai kuma taragon mata a tsakiyar kowane jirgi. Matsalarsa cunkoso. Marar lafiya ya guje shi da safiyar fita aiki da lokacin tashi.

Ƙananan bas-bas na haya su ne akasin haka. Direba na iya kunnawa, fasinja na iya kunnawa, kuma hayaƙin gaba baya yake komawa.

Tasi tana tsakiya. Dabarar ita ce a yi maganar kafin a shiga, lokacin da direban ke son cinikin, ba bayan an yi nisa a kan gada ba. Masu kiran mota ta manhaja irin su Uber da inDrive suna da damar aika wa direba saƙo tun kafin ya iso cewa akwai marar lafiya. Direban ya san za a ba shi maki a ƙarshen tafiya, wannan kaɗai yana sa da yawa su haƙura. Idan motar ta riga ta sha hayaƙi, a sauke gilashi biyu masu kallon juna, ya fi a rufe a kunna sanyi.

Mai tafiya Iskandariyya ko Aswan a jirgin ƙasa ya nemi kujerar tsakiyar tarago. Mashaya sukan taru ne a mahaɗar taragai, kuma duk buɗe ƙofa sai hayaƙin ya shigo kan na kusa.

Asibiti ma sai an lura

A cikin ɗakunan manyan asibitoci ba a cika samun matsala ba. Inda hayaƙin ke taruwa shi ne bakin ƙofa, da matattakala, da wurin ajiye motoci, inda 'yan rakiya ke rage zafin jira.

Likitoci da yawa kuma suna ganin marasa lafiya da yamma zuwa dare a ɗakunan duba marasa lafiya masu zaman kansu da ke cikin benayen zama. Jiran na iya kai awanni, ɗakin jira ya cika, mutane su fito su tsaya a matattakala. A nan mai jinya zai yi amfani: ya karɓi lamba, ya bar marar lafiya a mota ko wani wuri mai iska, ya roƙi mai karɓar baƙi ta kira waya idan layi ya kusa.

Gahawa da shisha

Abin da teburin mai shayi yake a arewacin Najeriya, shi ne "ahwa" a Masar, sai dai ya fi shi girma da daɗewa. Nan ake shan shayi da gahawa, a buga domino, a kalli wasan Al Ahly da Zamalek, a ƙulla ciniki. Fitaccen cikinsu, El Fishawy da ke kasuwar Khan el-Khalili kusa da masallacin Husaini, ya haura shekara 200, kuma marubuci Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya sha zama a can.

Ahwa ba ta rabuwa da shisha. A watan Maris na 2020 gwamnati ta hana ta saboda korona, amma da annobar ta lafa sai ta dawo.

Shisha ta fi sigari yaudarar marar sha, saboda ba ta wari. Tabar da ake sa mata an kwaɓa ta da ruwan rake mai kauri da ƙamshin tuffa ko inabi ko na'ana'a, sai hayaƙin ya zo kamar turare. Mutumin da zai tashi da gudu idan an kunna sigari kusa da shi yana iya zama awa biyu a tsakiyar masu shisha yana jin daɗin ƙamshi.

Ruwan da ke cikin tulun sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace gubar. A wata sanarwa ta 2005, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a zama ɗaya mai shan shisha na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na sigari 100 ko fiye. Ga kuma gawayin da ke ci a samanta, wanda ke fitar da iskar nan mai guba marar launi marar wari, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta ko gawayi a ɗaki. Ciwon kai da jiri bayan zama a rufaffen gidan shisha daga nan suke.

Wasu gidajen abinci suna da ɓangaren masu sha da na marasa sha a zaure ɗaya. Rahoton Amurka na 2006 ya yi bayani ƙarara cewa raba kujeru, ko sa fanka, ko na'urar tace iska, ba sa kawar da haɗarin. Tukunyar fulawa da aka jera a tsakani ba ta tare hayaƙi.

A waje lamarin ya fi sauƙi. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun auna hayaƙi a wuraren zama na waje a 2007, suka ga wanda ke dab da mai sha yana shaƙar kusan abin da zai shaƙa a ɗaki, amma idan aka yi nisan mita biyu abin yana raguwa sosai. Tunda iskar Alƙahira daga arewa ta fi kaɗawa, a zauna ta arewa da masu sha, a teburin gefe. A yi hattara da lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ake zagaye kujerun waje da leda mai kauri. Wannan ya zama ɗaki, ko da sunansa waje.

Mai neman abinci ba tare da hayaƙi ba ya nufi wuraren da ake ci a tashi: shagunan koshari, da na ful da ɗa'amiyya, da masu matse ruwan rake da mangwaro. Ba a zaman hira a can, don haka ba a cika kunnawa ba. Wurin hutawa kuwa akwai lambun Azhar da aka buɗe a 2005 a kan tudu, mai faɗi da iska. Cikin masallatai ma lafiya lau, sai dai filin gaban masallacin Husaini gidajen gahawa ne suka kewaye shi.

Yadda ake roƙo

Duk dabarun da ke sama ba za su hana wata rana a kunna sigari kusa da baƙo ba. Abin da zai faɗa a lokacin shi ne rabin aikin.

Hanyar da ba ta ɓullewa ita ce ta doka da ta wa'azi. Direban ya san an hana, ya ji fatawa, hoton ruɓaɓɓen huhu na kan kwalin da ke aljihunsa. Baƙon da ya nuna masa allo ko ya jawo masa aya ya mayar da abin gardama, kuma a gardama mai gari ke da rinjaye.

Abin da ke aiki shi ne a ɗora larurar a kan kai, a bar mutumin ya yi alheri. Misrawa suna da tausayin marar lafiya, suna kuma son a girmama su. Direba ana ce masa "ya usɗa", dattijo "ya hagg", sauran maza "ya basha" ko "ya ustaz". Sai a ce "lau samaht", wato don Allah, a biyo da "mumkin tiɗfis sigara?", ko za ka kashe sigarin?

Kalmar da ta fi kowace tasiri ita ce "hasasiyya". Da ita Misrawa ke kiran asma da duk wata larurar da ƙura ko hayaƙi ke tayarwa. "Andi hasasiyya" na nufin ina da wannan larura. Idan don wani ake roƙo, a nuna shi a ce "ayyan", marar lafiya ne. Wanda lafiyarsa ƙalau, ba sai ya yi ƙarya ba, ya ce "addukhan biyit'ibni", hayaƙi na wahalar da ni. Gaskiya ce, kuma ta isa.

Sau da yawa amsar ita ce a jefar da sigarin ta taga a ce "salamtak", wato Allah ya sawwaƙe. A nan godiya ta zama dole, idan kuma an ɗan ƙara wa direba wani abu a kan kuɗin mota, ba a yi asara ba.

Idan an miƙo kwali, ba sai an ɓata fuska ba. A dafa ƙirji a ce "shukran, ma badakhansh", na gode, ba na sha. Ba wanda zai ji haushi.

A ahwa kam ba a roƙon kowa ya kashe, domin wurin nasu ne, baƙo ne ya shigo. A kira mai hidima a nemi canjin tebur, ko a sha shayin a tashi. Mace da ke tafiya ita kaɗai ma ta fi samun sauƙi idan ta bi ta hannun mai hidima ko mai karɓar baƙi, maimakon ta tunkari namijin da ke sha kai tsaye.

Wanda ya fi wuya shi ne na gida: tafinta, ko dillali, ko ɗan uwan da ake zaune da shi a masauki ɗaya. Kunya takan hana a yi magana, musamman idan shi ke yi wa mutum ɗawainiya. Gara a faɗa tun ranar farko, a jingina da umarnin likita, a kuma fayyace cewa shan a baranda da ƙofa a buɗe, ko a banɗaki, duk cikin gida ne.

Lokaci da guzuri

Alƙahira birnin dare ne. Da sassafe zuwa hantsi tituna sun fi sauƙin hayaƙi, musamman safiyar Juma'a. Daga magariba zuwa tsakar dare ne ahwa ke cika.

A watan azumi bambancin ya fi fitowa. Da rana kusan ba a ganin mai kunna sigari a fili, amma da an sha ruwa sai a rama, tantunan shisha su yi ta aiki har sahur. Mai larurar numfashi ya gama hidimarsa kafin la'asar.

Wanda ke da zaɓin lokacin tafiya ya san cewa a Oktoba da Nuwamba ana ƙona karan shinkafa a gonakin arewacin ƙasar, hayaƙin ya haɗu da na motoci ya lulluɓe birnin. Tun 1999 ake kiran abin "baƙin girgije", kodayake ya ragu a 'yan shekarun nan da gwamnati ta shiga tattara karan. Daga Maris zuwa Mayu kuma akwai guguwar ƙura ta khamsin.

Takunkumin fuska na asibiti, mai launin shuɗi, ba ya tare hayaƙin taba, domin ƙwayoyin hayaƙin sun fi ƙarfinsa ƙanƙanta kuma iska na shiga ta gefe. Nau'in N95 idan ya zauna daidai a fuska yana tare yawancin ƙwayoyin, amma ba ya tare iskar gawayi mai guba. Na wucewa ta wuri ne, ba na zama a ciki ba.

Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a akwati ba, ya tafi da na ajiya, da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan maganin, tunda sunan kamfani na iya bambanta a kantin magani na Masar. Mai ciwon zuciya da ya ji nauyi a ƙirji ko numfashi ya gagara bayan shaƙar hayaƙi kada ya jira ganin likita na gobe. Lambar motar asibiti a Masar ita ce 123.

A ranar komowa ma da saura. Filin jirgin saman Alƙahira yana da ɗakunan da aka keɓe wa masu shan taba a ɓangaren tashi, kuma ƙofofinsu ba sa daina buɗewa. Idan ƙofar shiga jirgin Kano ko Abuja ta faɗo kusa da ɗaya, a zaunar da marar lafiya can nesa, mai jinya ya tsaya kusa yana sauraron kira.